DARASIN LAFIYA: Cutar Rigar Jijiya da Hoton da ke Iya Ganinta

 A wannan fitowa filin darasi zai ɗan ajiye zancen farashin kara da takardun kan iyaka, ya taɓo wani abu da ke cin kuɗin mutanenmu a asibiti ba tare da sun gane kansa ba, wato hoto.

Ga yadda abin yakan faru. Matar mutum ko ƙanwarsa, mai shekara 25 ko 30, ta wayi gari ido ɗaya yana gani dishi-dishi, in ta juya shi ya yi zafi. Bayan ƴan makonni ya washe, kowa ya manta. Shekara ta zagayo sai ƙafa ta yi nauyi, tana jin kamar ƙiyashi na bin ta, tafiya ta koma tangaɗi. Maigida ya sayar da sa guda, ya kai ta birni, ya ce a yi mata hoto. A ɗauki hoton baya da na kai, wanda a Nijeriya ake ce wa eksire, a Nijar da Chadi da Kamaru kuma radiyo. Hoto ya fito tas, babu karaya, babu gocewa. Sai a dawo gida ana cewa ai likita ma bai ga komai ba, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Daga nan kuɗin sa na biyu da na uku su bi wata hanya.

To, abin da darasin nan yake so ya kafa shi ne: kowane hoto da abin da yake gani. Rashin ganin ciwo a hoton ƙashi ba ya nufin babu ciwo. Za mu yi misali da wata cuta da likitocin Ingilishi ke rubuta wa MS, na Faransanci kuma SEP, mu ga yadda masana suka yi amfani da wani irin eksire mai tsananin ƙarfi don su binciki ainihinta.

1. RIGAR JIJIYA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga mahauci ya fasa kan sa, ya san ƙwaƙwalwa launi biyu ce. Bayanta toka-toka, cikinta fari fat. Haka ita ma lakar da ke bin cikin ƙashin baya, sai dai ita farin ne a waje. Wannan farin wani kitse ne na musamman da ake kira mayalin, wanda ya naɗe zaren jijiya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki. Mutum da saniya da tunkiya duk haka jikinsu yake.

Amfanin rigar nan shi ne sauri. Jijiya mai kauri da ke da riga tana iya kai saƙo da gudun mita 100 ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Wadda ba ta da riga ba ta wuce mita 1 ko 2. Ka ga bambancin ya fi na tirela da mai kora shanu a ƙasa. Shi ya sa kana taka ƙaya ƙafarka ta ɗaga tun kafin ka ce wash.

Rigar ba falle ɗaya ba ce. Naɗi ne bisa naɗi kamar rawani, kuma tazarar da ke tsakanin naɗi da naɗi daidai take ko'ina. Ƙanƙantarta kuwa, kaurin silin gashi ɗaya zai ɗauki dubban irin wannan naɗi. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

2. YADDA CUTAR TAKE

A cutar MS, sojojin garkuwar jiki ne suke rikicewa su auka wa rigar jijiyar ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido, kamar kare ya juya ya ciji garken da yake tsaro. Inda suka ci rigar sai wurin ya kumbura, daga baya ya bar tabo mai tauri. Tabon ba wuri ɗaya yake fitowa ba, nan da can ne, kuma ba lokaci ɗaya ba. Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana cutar filla-filla a birnin Faris a 1868.

Alamunta sun danganta da inda tabon ya sauka: raunin gani a ido ɗaya, ganin abu biyu-biyu, mutuwar jiki ko tsikari a hannu da ƙafa, tangaɗi, kasa riƙe fitsari, da gajiya mai nauyi wadda barci ba ya kore ta. Ga mafi yawan masu ita takan zo ta yi kwanaki ko makonni ta lafa, sannan ta dawo bayan watanni ko shekaru. Wannan zuwa da tafiya shi ke ruɗa dangi, domin duk abin da aka sha kafin ta lafa shi za a ce ya yi magani. Zafi ma yakan tayar da tsofaffin alamu na ɗan lokaci, ta yadda mai ita zai fi jin jiki da tsakar rana a kasuwa, in ya samu inuwa ya huce ya dawo daidai.

Ƙididdigar da ƙungiyar masu fama da cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum wajen miliyan 2.8 ke da ita. Mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40. Ta fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashen sanyi kamar Kanada da arewacin Turai. A ƙasashenmu ba ta da yawa haka, amma akwai ta, kuma ƙarancin likitocin jijiya da injinan hoto yana sa ba a kama duk wadda ke akwai.

Game da sababi, an san gado yana da ɗan hannu, haka ƙarancin bitamin D, da shan taba, da ƙiba tun ƙuruciya. A 2022 masana na Jami'ar Harvard a Amurka suka fitar da binciken da suka yi kan sojojin ƙasar fiye da miliyan 10. Sun ga cewa kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr tana ninka haɗarin MS sau 32. Sai dai kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ƙwayar nan, kuma ƙalilan ne ƙwarai cikinsu ke samun MS. Ke nan ita kaɗai ba ta isa ba.

3. ME YA SA HOTON ƘASHI BA YA GANIN TA?

Wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken eksire a watan Nuwamba na 1895. Hoton da ya yi suna a lokacin na hannun matarsa ne, ƙasusuwa da zobe sun fito, nama kuwa sai inuwa-inuwa. Har gobe haka hoton yake aiki. Hasken yana ratsa jiki, ƙashi ya tare shi, nama ya bar shi ya wuce. Abin da kake gani a jikin fim inuwar ƙashi ce. Jijiya da rigarta da ruwan da ke kewaye da su duk kusan daidai suke tare hasken, saboda haka ba a rabe su. Kamar ka nemi farar saniya ce cikin hazo.

A 1971 aka fara ɗaukar hoton kan marar lafiya a Landan da injin da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wanda ake ce wa CT ko sikana. Shi ma eksire ne, amma yana zagaya mutum yana ɗauka ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka kamar an yayyanka burodi. Sikana yana ganin zubar jini a ƙwaƙwalwa da ƙari da fashewar ƙoƙon kai, shi ya sa ake gaggawar yin sa bayan haɗarin mota. Amma mafi yawan tabon MS yana wuce masa.

Sai a 1981 wasu masana a asibitin Hammersmith na Landan suka nuna cewa hoton maganaɗisu, wato MRI ko IRM a Faransanci, yana fito da tabon a fili. Wannan injin ba ya amfani da eksire ko kaɗan, da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki, yana bin ruwan da ke cikin nama. Tun daga lokacin shi ne babban ma'aunin gane cutar a jikin mai rai.

Amma shi ma yana da iyaka. Abin da bai kai kamar milimita 1 ba yakan yi masa wuyar rabewa. Sannan ruwa yake gani, ba rigar kanta ba. Zai ce maka akwai tabo a nan, amma abin da ke gudana a cikin tabon, wace jijiya ta mutu, wace ta fara sabuwar riga, wannan sai dai ƙiyasi. Dillali ma yakan dubi sa ya ƙiyasta nauyinsa, yakan kuma dace, amma sikeli daban ne. Neman sikelin ne ya mayar da masana ga eksire, wannan karon wani iri dabam.

4. ZOBEN HASKE

A garin Grenoble na ƙasar Faransa akwai wani gini mai siffar zobe, kewayensa mita 844, wanda ƙasashe da dama suka haɗa kuɗi suka gina. Ya fara aiki a 1994, aka sabunta shi a 2020. Sunan irin wannan inji sinkirotoron. A cikin zoben ana kora ƙwayoyin lantarki da gudun da ya kusa na haske, manyan maganaɗisai suna lanƙwasa hanyarsu. Duk inda aka lanƙwasa su sai su fesar da eksire, a tare shi a bututu zuwa ɗakunan gwaji da ke kewaye da zoben. Hasken da ke fita ya ninka na asibiti sau biliyoyi, ga shi siriri, tsararre, ba ya watsuwa.

Akwai irin wannan zobe a Amurka, Kanada, Jamus, Ingila, Suwizalan, Japan, Sin, Brazil da wasu ƙasashe. Na ƙasar Jordan an buɗe shi a 2017. Nahiyar Afirka ba ta da ko guda, ko da yake masananta sun kafa yunƙurin neman a gina.

5. ABU UKU DA AKA GANI

Na farko, hanyoyin jini da ƙwayoyin jijiya. Kowa ya san sanda in aka tsoma ta a ruwa sai ta zama kamar ta karye, haka kuma kawalwalniya a kan kwalta da rana. Haske ne ke lanƙwasa in ya bar wani abu ya shiga wani. Eksire ma yana yin haka in ya ratsa nama, amma kaɗan ƙwarai, sai haske mai tsari irin na zobe ke sa a iya auna shi cikin sauƙi. Maimakon a dubi inuwa, sai a dubi lanƙwasar, nan take nama mai laushi ya fito dalla-dalla. A 2017 ayarin Alessia Cedola daga birnin Rum na Italiya suka yi amfani da wannan hanya kan lakar ɓerayen gwaji da aka sa wa ciwo mai kama da MS. Sun ga ƙananan hanyoyin jini da ƙwayoyin jijiya a hoto guda, ta kowane gefe, ba tare da sun yayyanka lakar ba. Sun kuma ga cewa hanyoyin jinin suna fara lalacewa tun da wuri, tare da mutuwar ƙwayoyin jijiya. Wannan yana da muhimmanci, domin ta hanyar jini sojojin garkuwa ke kutsawa cikin ƙwaƙwalwa. Da irin wannan dabara ce a 2021 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum sukutum da huhu da zuciya da ƙoda a zoben Grenoble, ana iya matso da kowane sashe har a kai ga ganin ƙwayoyin halitta.

Na biyu, rigar kanta. Mun ce naɗin rigar yana da tazara daidai wa daida. In eksire ya bugi abu mai irin wannan tsari sai ya tarwatse ta wata kusurwa ta musamman wadda babu wani abu a ƙwaƙwalwa da ke bayar da irinta. Tun 1935 aka san wannan, amma a kan ɗan guntun jijiya kawai. A 2021 Marios Georgiadis da abokan aikinsa suka nuna hanyar yin taswirar gaba ɗaya da shi. Sun gwada ta kan ƙwaƙwalwar ɓera da lakarsa da yankan ƙwaƙwalwar mutum, suna auna yawan rigar a kowane wuri, da ingancin naɗinta, da inda zaren jijiya ya dosa. Suka kuma kwatanta sakamakon da na hoton maganaɗisu. Sikelin da muka ambata ke nan. Da shi za a gane wane salo na MRI ne yake faɗin gaskiya game da riga, kuma in an zo gwada maganin da ake fatan zai mayar da rigar da ta zaizaye, a samu abin aunawa.

Na uku, ƙarfen da ke cikin tabo. Jikin mutum yana ɗauke da baƙin ƙarfe da zink da tagulla ƴan kaɗan. In aka haska su da eksire mai ƙarfi, kowanne yana mayar da nasa irin haske, kamar yadda makiyayi ke gane kukan kowace saniya cikin duhu. A 2017 Bogdan Popescu na Jami'ar Saskatchewan a Kanada, tare da likitocin asibitin Mayo na Amurka, suka yi taswirar baƙin ƙarfe da zink a tsofaffin tabban MS na mutanen da suka rasu. Sun ga cewa wasu tabban suna da zagayen baƙin ƙarfe a bakinsu, kuma irin waɗannan su ne masu ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka ƙasa garwashi. Wannan zagaye ana iya ganin alamarsa da MRI mai ƙarfi a jikin mai rai, kuma a gyaran da aka yi wa ƙa'idojin gane cutar a 2024 an shigar da shi cikin alamun da likita zai iya dogara da su.

6. IYAKAR ABIN

A nan sai a yi hattara. Ba a kai mai wannan cuta zoben nan don a yi masa irin wannan hoto. Ƙarfin hasken ya wuce abin da jikin mai rai zai ɗauka, kuma hoto guda yana iya cin sa'o'i masu yawa abin da ake ɗauka bai motsa ba. Da sassan jikin waɗanda suka bayar da izini kafin rasuwarsu ake aiki, da dabbobin gwaji. Wurin bincike ne, ba asibiti ba. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi zai kai ɗan'uwanka Turai a yi masa wannan hoto, ko ya zo kasuwa da wata ƴar na'ura ya ce tana haska jijiya ta tafin hannu, to ka riƙe aljihunka. Amfanin zoben yana iso mu ne ta bayan gida: yana gyara yadda likita ke karanta MRI, yana kuma nuna wa masu haɗa magani inda za su nufa.

7. DAGA DABBA AKE ƊAUKA?

A'a. Ba a ɗaukar MS daga saniya ko nama ko nono, kuma mai ita ba ya shafa wa mijinta ko ƴaƴanta ta cin abinci ko kwanciya. Akwai dai wata cutar tumaki mai suna bisna wadda ita ma take cin rigar jijiya. Ta shiga tsibirin Iceland ne ta tumaki 20 da aka sayo daga Jamus a 1933, suna da lafiya a ido, sai da aka yanka dubban ɗaruruwan tumaki kafin a kawar da ita da ƴar'uwarta mai kama huhu. Masana sun yi nazarinta don tana kama da MS, amma ba ta kama mutum.

Wadda ta shafe mu kai tsaye ita ce bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari. Mutum yana ɗaukarta ta shan ɗanyar madara ko taɓa mahaifa da ɗan tayin da aka ɓarar. Wani lokaci takan hau laka da ƙwaƙwalwa ta ba da alamu masu kama da na MS, har a hoton MRI. Ita kuwa ana warkewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni ko watanni. Haka tarin fuka na ƙashin baya, da ƙarancin bitamin B12, da cutar ƙanjamau, da wata cuta ƴar'uwar MS mai kama ido da laka wadda ake ganewa da gwajin jini, duk suna iya kashe ƙafa. Kowacce da maganinta, kuma maganin wata yana iya cutar da mai wata. Ba a cinikin biri a sama.

8. ABIN DA ZA A RIƘE

Na ɗaya, in hoton ƙashi ya fito lafiya amma ƙafa ko ido ko mafitsara ba su daidaita ba, a nemi likitan jijiya, a tambaye shi ko ana bukatar MRI. Injin yana manyan birane ne kuma yana da tsada, saboda haka gara a tara kuɗin a wuri guda da a rarraba su kan hotunan da ba za su ga komai ba.

Na biyu, a gaya wa likita sana'ar gidan. A ce masa muna hulɗa da shanu, muna shan nono, domin ya duba bakkale.

Na uku, a rubuta ranar da kowace alama ta fara da ranar da ta lafa, ko da shekaru sun wuce. A cutar nan tarihin ciwo rabin bincike ne.

Na huɗu, mu masu tsallaka iyaka mu riƙa tafiya da takardun asibiti da faifan hoto kamar yadda muke riƙe takardar allurar dabbobi. Abin da aka rubuta SEP da IRM a Maraɗi ko Garwa, shi ne MS da MRI a Kano ko Maiduguri. Sanin wannan zai hana a biya kuɗin hoto sau biyu.

Na biyar, kafin shiga injin MRI a faɗa wa ma'aikata in akwai ƙarfe a jiki, kamar ɓarɓashin harsashi ko na'urar bugun zuciya.

Na shida, in ɓarin jiki ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan ya fi kama da shanyewar ɓarin jiki. A garzaya asibiti a cikin sa'ar, kada a jira gari ya waye.

Har yanzu babu maganin da ke tumɓuke MS daga tushe, amma tun 1993 aka fara samun magungunan da ke rage yawan tashinta, yanzu kuma sun yi yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da guda uku cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Wanda aka gane tasa da wuri aka ɗora shi a kan magani yana iya shafe shekaru masu yawa yana harkokinsa. Rigar da ta zaizaye jiki yakan ɗan gyara ta, amma zaren jijiyar da ya tsinke ba ya dawowa, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi a taron wata, saboda ƴan'uwanmu da ba su iya karatun boko ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai kowa kasuwa lafiya Ya dawo da shi gida lafiya.